Ɗaɗɗoyar da Na Ɓoye wa Rana

Jiya maƙwabciyata ta kunna risho, warin kananzir ya tsallako katanga, sai na kasa zama. Na ɗauki tsintsiya na ajiye, na shiga ɗaki na fito. Bari dai in gaya muku abin da ya taso mini.

A ƙauyenmu, gabas da Jahun, kakata tana da ɗaɗɗoya a cikin wata fasasshiyar tukunya. Daga gidan mahaifiyarta ta zo da irin tun tana amarya, kuma duk shekara daga 'ya'yansa take sake shukawa. A ɗakinta take ajiye ta saboda awaki. Ɗakin na ƙasa ne, tagarsa ba ta fi faifai ba, amma da hantsi rana kan shigo ta kwanta a daɓe, ta yi ta matsawa a hankali. Kaka tana bin hasken nan da tukunyar. Duk lokacin da ta idar da salla kuma sai ta ɗan juya ta, wai kada ɓangare ɗaya ya ƙoshi ɗaya ya kwana da yunwa.

Wata bazara aka tafi da ita Jahun za a cire mata yanar ido. Ta riƙe hannuna a bakin zaure ta ce, "Ja'ira, ga amana. In akuya ta ci, ke zan ci."

Akuya kawai na ji. Kwana biyu da tafiyarta na tarar da jar akuyar Baffa ta sa kai a ɗakin. Na tura tukunyar can bayan gado, na kare ta da tabarma, na toshe tagar da tsumma don kada ƙanshi ya fita. Ruwa kam ban fasa ba ta ba, safe da yamma.

Da na janye tabarmar bayan mako biyu, sai na tarar ɗaɗɗoyar ta canja kama. Ta yi tsawo, siririya, fara fat, ganyen duk ya zama rawaya. Na gane haske take nema, amma tsoron akuya bai bar ni ba. Sai na ɗauko fitilar ƙwai, da rana tsaka, na ƙara lagwani, na matsa da ita har gilashin yana taɓa ganye. Na je na dawo ya fi sau goma ina leƙawa. Kafin la'asar abin da ya rage ya ƙone.

Kaka ta dawo da auduga a ido ɗaya. Tun daga bakin ƙofa ta ja hanci.

"Wa ya yi mini girki da kananzir a ɗaki?"

Na fashe da kuka. Ta laluba tukunyar, ta tura yatsa cikin ƙasar, ta zaro saiwar, ta ruɓe.

"Da kin bar wa akuyar," in ji ta. "Ita ai ganye za ta ci ta bar mini gindi."

Ba ta dake ni ba, kuma ba ta sake shuka wata ba har Allah Ya karɓi abarsa. Allah Ya haskaka kabarinta.

Yanzu ina Yalwawa, gidan siminti, tagogi manya, amma gilashinsu baƙi ne, ga labule ninki biyu. Tukwanen fulawa shida gare ni a falo. 'Yata ta kawo mini wani farin ƙwai mai aiki da sola, ta ce shi ma yana ciyar da ganye, ba ya ƙonawa. Na rataya shi, na gode mata, ganyen ma bai yi ƙorafi ba. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Maƙwabcinmu na gabas ya fara ɗora bene, kullum magina suna ƙara layin bulo. Yau rana ba ta shigo falon ba sai wajen ƙarfe goma, kuma saura layi huɗu su kai linta.