Ranar da Baba Maimaita Bai Ce a Maimaita Ba

Shekara ashirin da biyu ya yi yana sayar da magani a shagon da ke bakin layinmu. Baba Maimaita muke ce masa, domin ba ya sakin leda sai ka faɗa masa da bakinka yadda za ka sha abin da ke ciki. In ka gyaɗa kai ka ce ka gane, sai ya ce ai ƙadangare ma yana gyaɗa kai, amma ba a taɓa jin ya ci jarrabawa ba.

Ni ma bai ɗaga mini ƙafa ba, duk da ya san ina koyar da kimiyya a sakandare. "Malama, digirinki yana gida," in ji shi. "Kunnenki ne ya zo shago." Na yi dariya, na maimaita. Daga baya na kai ɗabi'ar aji: ba na wuce darasi sai ɗalibi ya mayar mini da shi da kalmominsa. Na sha faɗa wa abokan aiki cewa abin da na koya a shagon nan ya fi na jami'a amfani.

Autata tana da ciwon zuciya tun haihuwa. Shekara uku muna karɓar maganinta na ruwa a wurinsa, cokali biyu safe, biyu yamma. Takan riga ni maimaitawa, shi ya sa yake kiranta Likita.

Wata Talata aka sauya kwalbar. Sabuwar ta ninka tsohuwar ƙarfi, cokali ɗaya ya kamata a ba ta. Na tarar da shi yana waya, yana faɗa da mai kawo masa kaya. Ya miƙo ledar, ya ɗaga mini hannu. Na ɗan tsaya ina jiran kalmar da na saba ji, ba ta zo ba, na tafi. Ban karanta jikin kwalbar ba; wannan laifin nawa ne, kuma ina ɗauke da shi. Kwana huɗu ina ba ta cokali biyu. A na biyar ta rasu, tana da shekara bakwai.

Da masu bincike suka zo, Baba ya ce musu ya yi mini bayani, wai har na maimaita. Maƙwabta suka yi layi suna shaida cewa bai taɓa sallamar kowa haka kawai ba. Gaskiya suka faɗa, iya abin da suka sani. Mijina bai zarge ni ba. A hankali ya tambaye ni ko dai na manta ne, kuma tun ranar tambayar take zaune tsakaninmu.

Bayan wata biyu na koma shagon da hantsi, lokacin da babu kowa. Ba hukuma nake nema ba, magana ɗaya nake so in kai wa mijina.

"Baba, ban zo da rigima ba. Maimaita mini abin da ka faɗa mini ranar."

Ya shiga jera kwalayen da suke a jere. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, Likita yarinyar kirki ce.

"Amin. Ba shi na tambaya ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Na jira har wata mata ta shigo da takardar asibiti, sannan na fita.

Har yau a can mijina yake sayen maganin hawan jininsa. Jiya ya dawo yana cewa Baba ya sa shi ya maimaita har sau biyu.