Raket ɗin Japan a Rudun Albasa

Shekara goma sha biyu ke nan da Allah Ya karɓi ran maigidana. Sunansa ba ya fita bakina, amma daga Jega har Maiyama, in ka ce Mai Raga an san shi.

Albasa yake kaiwa Legas daga Aliero. Ana nan, wata rana a kasuwar gwanjo ya ci karo da raket, sandar nan mai raga da ake buga tanis da ita. Ta katako ce, tsohuwa, ƙirar Japan. Shi bai taɓa buga ƙwallon ba, aikin masassaƙin ne ya shiga ransa. Tun daga nan, mota ta tafi da albasa, ta dawo da raket. In ba ta Japan ba ce, ko kyauta ba ya karɓa. Yakan shafa ta ya ce, "Hajiya, diba inda anka haɗa iccen ga. Ko gashi ba ya shiga."

Zafin ɗaki yana kantarar da katakon. Sai ya yi musu rudu irin wanda muke ajiye albasa, ɗage daga ƙasa, rufin ciyawa, iska na ratsawa. Maƙwabta suka yi dariya har suka gaji.

Ranar rabon gado, malam ya zo kan raket ɗin ya rasa inda zai sa su. Ƙanen marigayi ya ce, "Waɗanga ai makamashi ne, a ba mata su hura wuta." Daga bayan labule na ce, "Malam, a sa min su cikin tumunina." Ya ce, "Hajiya, rabonki na gonar Dangamaji hwa zai ragu." Na ce na ji. 'Ya'yana har fushi suka yi da ni.

Kowace bazara nakan sake ciyawar rudun. Gara ta kawo hari, na tare ta da toka. Ko raket ɗaya ba ta kantare ba.

Bana jikata da ke jami'a ta sa hotonsu a waya. Sai ga baƙi, mota bayan mota. Wani masani daga Abuja ya duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nemi in sayar masa duka ya tafi da su. Na ce, "Ɗana, kallo kyauta ne, ɗauka babu." Ƙanen nan kuwa, shi ne yanzu mai shimfiɗa wa baƙi tabarma, yana "yayana, yayana."

Da Mai Raga zai ga raket ɗin yau, marar nauyi, babu itace a jikinta, na san taɓe baki zai yi. Da zai ga ɗalibai sun yi layi a bakin rudunsa kuwa, shayi zai sa a dafa.

Gonakinsa an yanka, motarsa ta zama ƙarfen awo. Abin da aka raina shi ya tsaya a dunƙule. Na tara shaidu, na mai da su waƙafi ga mutanen Jega. Ranar da za a raba nawa gadon, malam ba zai same su a ciki ba.

Allah Ya jiƙan Mai Raga.