Nankarwa a Shekarar Yunwa

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba, ina ɗauke da cikina na farko. Wata safiya a makewayi na ga jajayen zane-zane sun keto daga marata zuwa cibiya. Na ɗauka fatar ce ta fara tsagewa, nan gaba ta dare ɗan ya faɗo.

A wajenmu mai cikin fari ba ta zancen cikinta, ko da uwar da ta haife ta. Sai na yi shiru, na riƙa ɗaure cikin tamau da tsohon zani. Ɗan tuwon da ake samu ma rabi nake ci, don kada ya ƙara girma.

Da aka kai ni goyon ciki gidanmu, kusa da Tsanyawa, kakata ce ta kwance ɗaurin, da yake ita ce ungozomar ƙauyen. Ta daɗe tana kallon shatin da ɗaurin ya bari a fatata, ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba. Ta lakato man kaɗanya ta shafa mini a hankali.

"Nankarwa ce," in ji ta. "Ki riƙa shafawa, bayan haihuwa za ta dusashe. Bana duk cikin da na taɓa a ƙauyen nan, naki kaɗai ne ya yi girman da zai ja fata. Shi kika ɗaure?"

Ranar na wuni hannuna a kan cikin, ina jiran ya motsa.