Warin Daddawar Kubura

In ka shiga Tsibiri ka tambayi gidan Kubura mai daddawa, ba mai wahalar yi maka kwatance, sai a ce ka bi hancinka. Daddawar batso take yi, ta 'ya'yan yakuwa, wadda in ta kwana a rufe ta fara tashi, har masu wucewa a titi sai sun toshe hanci. Warin ya kama zanenta, ya kama kitsonta, ya shige fatarta. Ana tsokanarta, ita ko a jikinta.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Idirisa, kuma ɗan fari ne, don haka ko sunansa ba ta faɗi, sai dai "yaron nan". Da aka yaye shi, yayar mijinta da ba ta taɓa haihuwa ba ta zo ta goya shi zuwa Jiratawa. Kubura na tsaye a kan tukunya, ko waiwaye ba ta yi ba, kada a ce ba ta da kunya. Waɗanda ta haifa bayansa duk suka koma. Jiratawa ba nisa, amma da wane ido za ta je ta ce ta zo ganin ɗanta? Sai a wurin biki ko gaisuwar mutuwa take satar kallonsa daga nesa, har ya yi gemu, ya zama ɗan kabu-kabu a Maraɗi, yana ɗaukar fasinja a moto, wato babur. Wallahi kewarsa ta cinye ta. Abin da take so kawai, ta san ko akwai wani abu nata da ya rage a jikinsa.

Wata rana tana ɗibar hatsi a rumbu ta tarar da sheƙar ɓera: jarirai jajaye, ba gashi, ido a rufe, sai ɗaga hanci suke. Ta ɗauko tsintsiya, ta kasa share su. Mansura, ɗiyar maƙwabta mai karatu a jami'a, ta leƙo ta ce:

"Iya, kin ga ba su gani, ba su ji, da hanci suke gano nonon uwarsu. An koya mana warin da suka fara shaƙa shi ke shata musu hanyoyi a ƙwaƙwalwa."

"To, sannu malamar ɓeraye!" in ji Kubura. Ta yi dariya ta rufe rumbu, zancen ya wuce.

Bara matar Idirisa ta haihu, shi da kansa ya aiko a gaya mata ranar suna. Murna kamar ta kashe ta, sai kuma tsoro ya biyo baya. Ta shiga cikin mutanen birni da wannan wari ta kunyata shi? Ina! Ta kifa tukunya, ta yi ta dirzar jiki da sabulu, ta aro atamfa, ta sha turaren wuta, ta shafe humra har bayan kunne. Daddawar da ta ƙulla masa ma ta bar ta a gida.

Da ta isa gidan suna, Idirisa ya zo ya durƙusa. "Sannu da zuwa, Iya. Ya hanya?" Daidai yadda ya gaida sauran tsofaffi, ya miƙe ya fita wajen baƙinsa.

Tahira mai jego ta miƙa mata jaririn tana dariya. "Iya, ina daddawarmu? Ai ɗan nan naki, baban jaririn nan, abin mamaki ne. In ya ratsa wajen masu batso a kasuwa sai ya tsayar da moto, ko da fasinja a baya, ya yi ta shaƙa. Na tambaye shi, ya ce shi ma bai sani ba, sai dai ya ji kamar an goya shi."

Kubura ta kai bayan hannunta hanci, humra ce zalla. Jaririn kuwa sai juya kai yake a ƙirjinta, yana ta sansana.

Da ta koma Tsibiri, ko ruwa ba ta sha ba ta ɗora tukunya. Ta cire kayan aro, ta ɗaura tsohon zanenta, ta kira Mansura.

"Buga wa yaron nan waya. Ki ce in ya samu fasinjan Tsibiri ya biyo, akwai saƙo."

Ta jawo kujera inda tururin ya fi bugawa ta zauna. Duk moton da ya shigo layin, sai ta ɗaga kai.