Yadda Na Kai Labarin Gobarar Rumbunanmu

Shekarar da rijiyar garinmu ta rufta, ina shekarata ta biyu a ajin yaƙi da jahilci. Cikin ranin nan wuta ta cinye rumbunan bayan gari, a ƙauyenmu na kusa da Matankari. Samarinmu duk suna ci-rani, kuma dattijo a wurinmu ba ya buɗe baki ya gaya wa ɗansa rumbu ya ƙone. In ba su ji ba, damina za ta same mu ba ci ba iri. Na san labarin da rediyo ya karanta, shi ake turawa ta waya har ya kai gare su.

Na rubuta da hannuna, na kai wani gidan rediyo a Dogon Dutsi. Matar da ke duba labarai ta karanta, ta yi murmushi.

"Baba, gaisuwarka ta cinye rabin takarda."

Na ce mu ba mu fara mugun labari sai mun gaisa. Ta ce nasu tsarin daban ne: abin da ya faru shi ne farko, sannan ina, sannan yaushe. Ta soke duk inda na sa "an ce". Ta ce "asara mai yawa" ba labari ba ne, in koma in ƙidayo.

Na koma. Gida-gida aka riƙa ba ni ruwa, ana sallamata da "mun gode Allah". Kawuna ya fi kowa zafi.

"Don ka koyi riƙe biro, shi ne za ka tallata ni a rediyo?"

Na zauna bakin zaurensa har ya huce. Na yi masa alkawari ba sunan da zai fita. Sai ya ɗauki sandarsa ya ja ni wajen tokar rumbunan, yana nuna duwatsun gindin kowane rumbu, yana faɗin dami nawa ke ciki. Da sauran suka gan shi, suka matso.

Sau uku matar gidan rediyon ta mayar mini da takardar kafin ta karɓa. Ta so sunan wanda ya faɗa, na ƙi. Muka tsaya a kan "wani ɗan garin da ya ƙidaya da kansa". Aka karanta labarin a rediyo, kuma kafin ruwan shuka, buhunan da samarinmu suka aiko suka fara sauka daga motar kasuwa.

Abin da aka karanta: rumbu tara, damin gero ɗari biyu da sittin, buhun wake huɗu, da akuya biyu da ke ɗaure a gindin rumbu.