Tsagar da na toshe a ɗakin Baba Hamadu

Na tarar da shi tsaye a tsakar ɗaki, darduma a hannu, yana ta shafa ƙasa da tafin ƙafa.

Baba Hamadu ke nan, ɗan hayarmu a unguwar New Bell tun zamanin mahaifina. Ya daɗe da rasa gani.

Damina ta cinye simintin ɗakinsa, duk ya tsattsage, ga danshi. Na lallaɓa shi ya koma wurin 'yarsa a unguwar Yassa na ɗan lokaci, na sa magina suka fasa, suka shimfiɗa karo, wato tayil, mai sheƙi. Har ina yaba wa kaina.

"Baba, yaya ka ji ɗakin?"

"Ya yi santsi, Allah ya yi albarka. Amma ɗana, ina tsagar nan ta wajen taga?"

"Ai duk mun toshe su, Baba."

Ya sake shafa ƙasa da ƙafa.

"Da ita nake gane alƙibla. Babanka ne ya ɗora ƙafata a kai da idona ya tafi. Yanzu sai na jira mai wucewa ya juya ni."

Na kama kafaɗarsa na juya shi, ya tayar da la'asar.

Gobe magini zai tsaga masa layi a karon. Amma ya riga ya ce min ba za ta zama ta babana ba.

Masu gidajen haya, kafin ku fasa, kuna tambayar na ciki kuwa? Ni ban tambaya ba.