Ai Belu Ne, Ba Ciwo Ba

A gidanmu da ke Ƙaura Namoda ba a taɓa yin rashin lafiya ba. Ana dai yin zazzaɓi, ana yin shawara, basir kuwa kowa da nasa, amma in ka shigo ka tambaya, lafiya lau za a ce maka, ko da mutum yana kwance ana yi masa fifita. Uwar mijina, wadda duk muke kira Inna, ita ce shugabar wannan makaranta. Da kunnena na ji ta tana gaya wa wata mai dubiya cewa maigidanta ya ji sauƙi ƙwarai, da safen ranar da ya rasu.

'Yata ta biyu tana aji huɗu na firamare a lokacin. Yarinya ce mai rawar kai, sai an bi ta da tsawa kafin ta yi salla. In ta tsuguna alwala, kafin ka ƙifta ido ta miƙe, rabin ruwan a zanenta. Tun haihuwarta muke da 'yar tsama da Inna a kanta, don ranar suna na hana wanzami ya cire mata belu, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen maƙogwaro. Ni malamar makaranta ce, na ce asibiti sun hana. Inna ta adana maganar yadda take adana daddawa, tana jiran ranar miya.

Ranar miya ta zo da damina. Na tafi Shinkafi wajen ƙanwata da ta haihu, sai zazzaɓi ya kama 'yar tawa a gida, wuyanta ya kumbura, ko kunu ba ya wucewa. Kafin in dawo wanzami ya zo ya tafi, an binne belu a bayan ɗaki. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka. Inna ta tare ni tun daga zaure ta ce, "Kin gani ko, malama? Abin da boko ya hana, aska ta gama shi." Na haɗiye, tunda yarinya ta warke har tana tsallen igiya.

Bayan wasu makonni, wata rana da azahar, ta ɗauki buta ba tare da kowa ya ce mata ta ɗauka ba. Ta yi alwala, ta tsaya tana kallon hannunta, ta sake cika butar. Ta gama, ta sake. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta ce, "Ba ta yi ba, Mama." Jiya-jiya yarinyar nan muka yi faɗa da ita a kan salla, yau kuma ta ƙarar da rabin randa.

Ai sai gida ya ɗauki murna. Mahaifinta ya kai labari majalisarsu ta bakin kasuwa, ya dawo mata da sabon hijabi. Maƙwabta suka sa mata suna ustaziya, suna turo 'ya'yansu su zo su ga yadda ake tsarki. Inna ta ce wannan ma albarkar cire belu ce, da ma shi ya toshe mata hanyar natsuwa. Wanda ya fi kowa farin ciki shi ne mai kawo mana ruwa a kura.

Ni kaɗai hankalina bai kwanta ba, don ni nake ganin hannuwan. Sun yi fari fat, tsakanin yatsu ya tsattsage, tana wankewa tana kuka. Daga nan kafaɗarta ta fara zabura ita kaɗai. Kofi ya riƙa suɓuce mata. Rubutunta da malamai ke yabo ya koma kamar kaza ta yi tono. Yarinyar da ta daina fitsarin kwance tun tana 'yar mitsitsiya ta koma yi, in na shiga banɗaki kuma sai ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe da labule.

Bakin da ya ce ustaziya shi ya juya ya ce ta yi gamo. Matan da ke turo 'ya'yansu suka fara janye su da ido. A Islamiyya aka ware mata tabarma ita kaɗai, wai don ta sha iska, kamar ba iskar ake cewa ta shige ta ba.

Magani kuwa ba mu yi rowa ba. Mai kemis ya dube ta daga bayan teburin shagonsa ya ce maleriya ce da taifod, abin da yake gaya wa kowa ke nan, har wanda ya yi targaɗe. Aka kawo mai ruƙiyya ya yi karatu har muryarsa ta dushe, aljani bai tanka ba, sai aka yanke hukunci cewa bebe ne. Aka yi hayaƙi har kayan sawarmu suka koma ƙanshi ɗaya. Wata rana ina shafa mata man kaɗanya a hannu ta ce da ni a hankali, "Mama, in na bari sai in ji kamar wani abu za ya same ki. Allah ba ya karɓar tawa." Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Sai Inna ta kawo shawarar ƙarshe. Akwai wani mai magani gaba da Gurbin Ɓore, a ƙasar Zurmi, wanda ake kai masa irin waɗannan a bar su a gidansa sai sun warke. Hanyar kuwa ko mai lafiya ba ya bin ta sai ya yi sallama da iyalinsa sosai. Kuma na san wadda duk aka kai can, ko ta dawo garau, sunan ya bi ta ke nan har 'ya'yanta. Mahaifin yarinyar ya amince, aka ce ranar kasuwa mai zuwa za a tafi. Na roƙi alfarma ɗaya, a bar ni in kai ta wajen likitar yara tukuna. Inna ta ce za ta raka mu, don kada a ce ba ta ba boko haƙƙinsa ba.

Likitar matashiya ce, ba ta da hanzari. Ta saurari labarin alwala, ta sa yarinyar ta miƙa hannuwa, ta kalli yadda yatsun ke rawa. Sannan ta ce, "Kafin wannan ya fara, ta yi wani ciwo?"

"Lahiya lau," in ji Inna. Ni ma na ce lafiya lau, baki ɗaya muka faɗa, karo na farko da muka yi ittifaƙi a kan yarinyar nan.

Likitar ta sake tambaya ta wata fuska. Ko rashin lafiya kaɗan? Ko an kwantar da ita? Inna ta ce, "Ɗiyar ga ko ciwon kai ba ta yi." Likita ta ja numfashi ta fara maganar tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa a Gusau. Na ga Inna ta gyara mayafi, na san a ranta har mun kama hanyar Zurmi. Kamar an tuna mata, likitar ta ɗauko 'yar tocila ta ce wa yarinyar, "Buɗe baki, ce aa." Ta leƙa, ta daɗe tana leƙawa.

"Ina belunta?"

Nan fa aka taɓo wa Inna inda ke mata ƙaiƙayi. "Ni nis sa anka cire shi, uwatta ba ta nan. Da ta mutu! Jiki kamar garwashi, wuya ya kumbure, ko miyau ba ta haɗewa."

Likita ta ajiye tocila. "Hajiya, ba yanzu na tambaye ku ko ta yi ciwo ba?"

"Ke ciwo kinka ce. Wanga ko belu na."

Likitar ta rufe bakinta da hannu, ban sani ba ko dariya ce ko takaici. Ta sa aka ɗebi jini, ta daɗe tana sauraren ƙirjin yarinyar. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu. Ta ce akwai ƙwayar cuta da ke kama maƙogwaron yara, jiki ya tashi dakarunsa su yaƙe ta. A wasu yaran, bayan ɓarawo ya gudu, sai 'yan bangan su juyo su hau mutanen gida da duka, wani lokaci zuciya, wani lokaci ƙwaƙwalwa. Wannan misali babu ɗan Ƙaura da zai nemi a ƙara masa bayani. Ta ce zaburar gaɓoɓin an daɗe da sanin ta, amma yawan wanke-wanke da tsoron nan, har yanzu akwai likitocin da ke gardama a kai, ita dai abin da ta gani ke nan. Aska ba ta taɓa ƙwayar cutar ba, naman da bai san hawa ba bai san sauka ba aka yanke. Sannan ta durƙusa daidai fuskar yarinyar ta ce, "Babu aljani a jikinki, kuma ba laifin da kika yi wa Allah. Ciwo ne, kamar ƙyanda."

Aka ba mu ƙwayoyi, da allura duk wata don a tsare zuciyar. A cikin Keke Napep muna komawa gida Inna ta ce, "To, ni da ma mi nic ce? Ba wuya nic ce ba?" Maganar Zurmi dai ba ta sake tashi ba, na bar mata nasarar.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Kafaɗa ta fara lafawa, rubutu ya dawo, sai a yi mako lafiya sannan buta ta sake dawowa. A unguwa aka raba ladan warkewar, mai ruƙiyya ya samu kasonsa, wanzami ya samu, mai kemis ma bai tashi a banza ba. Likita ce kawai ba a sa a rabon ba.

Wata la'asar bayan an yi girbin gero, ƙawayenta biyu da iyayensu suka sake sakin su suka leƙo suna kiran ta wasan gala-gala. Na ce ta yi salla tukuna. Ta fizgi buta, ta watsa ruwa nan da can, ta shafi kai kamar mai korar ƙuda, ta miƙe, rabin ruwan a zane. Ina tsaye da muciya a hannu, hawaye suka zubo mini.

Inna tana kan tabarma, ba abin da ya wuce ta. "Ke! Wagga wace irin alwala ta? Ko gwiwar hannu ba ta kai ba. Koma ki sake!"

Yarinyar ta tsaya cak, ta dubi hannuwanta, ta dubi butar. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa mayar wa Inna magana a gaban jama'a ba.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ta yi. Ba za ta sake ba."